Motar Farko Bayan Kammala Jami'a: Darasi Domin Iyaye da 'Ya'yansu

Gabatarwa

Duk lokacin da aka yaye ɗalibai a Jami'ar Jihar Gombe, wadda aka kafa a 2004, ko Jami'ar Tarayya ta Kashere, wadda aka kafa a 2011, gidaje da dama a birnin Gombe sukan cika da murna. Iyaye sun sha wahalar kuɗin makaranta, yaro kuwa bai ba su kunya ba. Bayan ya gama bautar ƙasa, ya sami ɗan aikin yi, ba a daɗewa sai maganar mota ta taso. Wani lokaci shi ne zai kawo ta, wani lokaci kuma iyayen ne, domin sun ga ɗan maƙwabci ya shigo unguwa da tasa.

Son mallakar mota ba laifi ba ne. Wanda yake tashi daga Tumfure ko Pantami zuwa wurin aiki kullum a kan acaɓa, cikin ƙurar hunturu da ruwan damina, ya san amfaninta. Amma motar farko ta sha jefa matasa cikin bashi, ta kuma sha sa iyaye kuka a bakin asibiti. Saboda haka ya dace iyali su zauna su auna maganar tare kafin a miƙa wa dillali ko kwabo.

Manufar darasi

Mu gane cewa motar farko kayan aiki ce, ba lambar yabo ta digiri ba. Tambayoyi uku ne za su nuna ko ta dace: Za ta kare ran wanda ke cikinta? Mai ita zai iya ciyar da ita kowane wata ba tare da cin bashi ba? Takardunta na gaskiya ne? Motar da ta fāɗi a ɗaya daga cikin ukun nan, a bar wa mai ita kayarsa, kome kyan fentinta.

1. Zamani ya sauya

Dattawa da yawa suna tuna shekarun 1970, lokacin da mai digiri yakan shiga aikin gwamnati, ba da jimawa ba ya sami rancen mota. A 1975 kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kaduna, ƙirar 504 kuwa ta zama alamar ma'aikacin da ya kai. Iyayen da suka ga wannan zamani su yi hattara kada su auna 'ya'yansu da mudun jiya.

Yau kusan duk matashin da zai sayi mota, ta hannu zai saya: ko dai wadda aka shigo da ita daga Turai ko Amurka, wadda ake kira 'yar Beljiyam ko tokumbo, ko kuwa wadda wani ya riga ya yi amfani da ita a nan gida. Abubuwa biyu kuma sun faru a 2023 da suka sauya lissafi gaba ɗaya. Ranar 29 ga Mayu, Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur. Litar da ake sayarwa ƙasa da naira 200 a farashin hukuma ta haura naira 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura naira 1,000. A watan Yuni na 2023 aka bar kasuwa ta yanke darajar naira. Dalar da take wajen naira 460 a hukumance ta wuce naira 1,500 a farkon 2024. Da yake da dala ake sayo motoci da kayan gyaransu, dukansu suka yi tashin gwauron zabo.

2. Kuɗin saye dabam, kuɗin riƙo dabam

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a tara kuɗin saye kaɗai, a manta cewa mota tana ci kamar yadda doki yake ci. Sau ɗaya ake biyan dillali, amma gidan mai da gareji kowane wata suke jira.

Bari mu yi lissafi na misali. A ce matashi yana tafiyar kilomita 600 a wata, tsakanin gida, wurin aiki, kasuwa, sujada da ziyarar dangi. A ce motarsa ƙarama ce mai silinda huɗu, tana shan lita 9 a kowace kilomita 100. Zai sayi lita 54. In muka sa lita a naira 1,000 domin sauƙin lissafi, ya kashe naira 54,000. In kuwa babbar mota ce mai silinda shida, tana shan lita 13, zai sayi lita 78, wato naira 78,000. A gwada wannan da alawus ɗin mai bautar ƙasa, wanda aka ɗaga daga naira 33,000 zuwa 77,000, aka fara biya a watan Maris na 2025, ko da mafi ƙarancin albashi na ƙasa, naira 70,000, wanda aka sa wa hannu a Yuli 2024. A babbar motar, mai kaɗai ya cinye alawus ɗin, ba a yi maganar abinci, haya ko taimakon ƙanne ba.

Bayan mai akwai sauyin baƙin mai da matatarsa bayan 'yan watanni, akwai taya, batir, birki, sabunta takardu da inshora kowace shekara, sai kuma gyaran da ba ya sallama kafin ya zo. Shawararmu ita ce a rubuta duk waɗannan a takarda, a raba su bisa watanni goma sha biyu, a ajiye kusa da albashi. In abin da motar za ta ci ya kusa kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ke shigowa, to, kaya ya fi ƙarfin mai ɗauka. Kada kuma a zuba duk abin da aka tara wajen saye. Kowace mota ta hannu tana zuwa da ciwonta a ɓoye, saboda haka a rage wani abu a gefe domin gyaran farko.

A kan rance kuwa, a tuna cewa mota ba gona ba ce, ba fili ba ce. Kullum tsufa take yi. Wanda ya ci bashi mai ruwa domin ya saye ta yana biyan riba a kan abin da ke lalacewa a hannunsa. Tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, amma ya yi dubu bai fito ba.

3. Wace mota ce ta dace da Gombe?

Mota mai kyau a Legas ko Abuja ba lalle ta zama mai kyau a nan ba. A watannin Maris da Afrilu zafi yakan kai digiri 40, wani lokaci ya wuce, wanda ke gwada lagireto da taya. Da damina ruwa yakan gangaro cikin gari da ƙarfi, zaizayar ƙasa ta bar ramuka da kwazazzabai a unguwannin da kwalta ba ta kai ba. Motar da cikinta ya yi ƙasa ƙwarai za ta yi ta bugun ƙasa. Ga kuma doguwar tafiya: hanyar Kumo, Billiri, Kaltungo zuwa Numan da Yola, hanyar Dadin Kowa zuwa Biu, hanyar Bajoga, inda manyan motocin siminti na Ashaka ke kai da kawowa, da hanyar Bauchi.

Tambaya mafi amfani ita ce: in motar nan ta tsaya mini a Kaltungo da yamma, akwai bakaniken da ya san ta, akwai kuma kayan gyaranta kusa? Dalili ke nan da ya sa ƙananan motoci masu silinda huɗu da suka yi yawa a hanyoyinmu, irin su Toyota Corolla da Honda Civic, suka fi dacewa da mai farawa. Pontiac Vibe ma, wadda ta karɓu a Arewa, 'yar'uwar Toyota Matrix ce, da injin Toyota take tafiya. Ko da yake an rufe sunan Pontiac a 2010, kayan injinta ba su yi wuyar samu ba. Amma tsohuwar motar alfarma da aka karya wa farashi, araharta tarko ce: na'ura ɗaya in ta mutu a cikinta, sai a yi makonni ana jiran saƙo daga Legas, kuɗin kuma ya kai albashin wata biyu. Araha ba ta ado.

4. Abubuwan da ke kare rai

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce kimanin mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a hatsarin hanya kowace shekara, hatsarin hanya ne kuma ya fi kome kashe yara da matasa masu shekara 5 zuwa 29. Wato wanda muke shirin saya wa mota yana cikin shekarun da suka fi hatsari. Saboda haka kafin a duba rediyo da na'urar sanyi, a duba waɗannan.

Bel ɗin kujera. Injiniyan kamfanin Volvo, Nils Bohlin, shi ya ƙirƙiro bel mai ratsa ƙirji da ƙugu a 1959, har yau kuwa babu abin da ya kai shi ceton rai a cikin mota. Yana rage haɗarin mutuwar wanda ke kujerar gaba da kusan rabi. A ja kowane bel da ƙarfi, gaba da baya. In bai ƙulle nan take ba, ko ya tsage, a lissafa sauya shi cikin farashi.

Jakar iska. Motocin da aka yi domin kasuwar Amurka tun ƙarshen shekarun 1990 suna da ita a gaban direba da na kusa da shi. Matsalar ita ce motoci da yawa da ake shigowa da su sun taɓa yin hatsari a can, jakar ta fashe, aka gyara jiki aka rufe gurbinta wayam. Ga gwaji mai sauƙi: in aka murɗa makulli, fitilar da aka rubuta SRS ko mai hoton jakar iska za ta kama, bayan 'yan daƙiƙu ta mutu. In ba ta kama ba sam, mai yiwuwa an cire ƙwanta domin a ɓoye laifi. In ta ƙi mutuwa, akwai matsala. Haka ake gwada fitilar ABS, wato na'urar da ke hana tayoyi ƙullewa in an taka birki da ƙarfi, da fitilar injin.

Akwai wani abu kuma game da jakar iska. Daga 2013 kamfanonin mota suka yi ta kiran miliyoyin motoci domin a sauya musu jakunkunan da kamfanin Takata na Japan ya yi, saboda zafi da laima suna lalata sinadarin da ke hura su, har su fashe su watsa ƙarfe a fuskar direba. Fiye da mutum 20 sun mutu ta haka a Amurka, kamfanin kuma ya karye a 2017. Abin ya shafi wasu Corolla, Vibe, Civic da Accord na shekarun 2000, irin waɗanda suka cika hanyoyinmu. In motar daga Amurka ta fito, ana iya sa lambar shasinta a shafin intanet na hukumar NHTSA a ga ko akwai gyaran da ba a yi mata ba.

Na'urar hana santsi. Ita ce ke taimaka wa mota kada ta juya in direba ya kauce wa rami ko dabba ba shiri. Amurka ta wajabta ta a kan sababbin ƙananan motoci daga ƙirar 2012. In kuɗi ya kai ga motar da ke da ita, ta fi wadda ta fi ta ado amma ba ta da ita.

Taya. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu a ƙarshen layin da ya fara da DOT: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In an ga 2319, an yi tayar a mako na 23 na 2019. Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa, FRSC, takan gargaɗi direbobi a kan tayar da ta wuce shekara huɗu da yi. Roba tana tsufa ko da zanenta bai cinye ba, kwalta mai zafi ta bazara kuwa ba ta yafe wa tsohuwar taya. Gara mota mai kwarzanen fenti da sababbin tayoyi, da mai walƙiya a kan tayoyin gwanjo.

5. Ranar dubawa

Gani ya kori ji. Kada a sayi mota ta hoton waya, kada a tura kuɗin kamu ga wanda ba a sani ba, kada kuma a duba mota da dare ko cikin ruwan sama. A je da bakaniken da iyali suka amince da shi, ba wanda dillali ya kawo ba, a biya shi ladan aikinsa domin ya faɗi gaskiya. Dillali la'adarsa yake nema, ba laifinsa ba ne. Aikin mai saye ne ya buɗe ido.

A nemi a ta da injin yana sanyi, domin injin da aka ɗumama yana ɓoye ƙara da hayaƙi. Shuɗin hayaƙi daga salansa alama ce ta cin baƙin mai. In an buɗe murfin baƙin mai aka ga abu kamar madara, ruwa yana haɗuwa da mai. A leƙa ƙarƙashi a nemi yoyo da alamun walda a shasi. A duba ko tazarar ƙofofi da bonet daidai take hagu da dama, ko kuma launin fenti ya bambanta, domin waɗannan ke tona tsohon hatsari. A ɗaga shimfiɗar ƙasa da ta but a sansana: warin ruma, busasshen taɓo da tsatsa a ƙarƙashin kujeru alamun motar da ta nutse ne. Guguwar Harvey ta 2017 kaɗai ta lalata dubban ɗaruruwan motoci a jihar Texas, irin waɗannan kuwa akan yi gwanjonsu su bazu a duniya. Wayoyin lantarkinsu ba sa daina ba da wahala. Daga nan a fita da motar kan hanya, a ji shigar giya, a taka birki a ga ko tana ja gefe, a sa ido a kan allurar zafi.

A kuma karanta lambar shasi, wadda ake kira VIN. Haruffa da lambobi 17 ne, ana ganinta ta gilashin gaba wajen direba da kuma jikin ƙofa. Dole ta zama ɗaya a jikin mota da cikin takardu. A motocin kasuwar Amurka, na goma a jerin yana nuna shekarar ƙira: 5 na nufin 2005, 9 na nufin 2009, A na nufin 2010, C na nufin 2012. Wannan yana da amfani ƙwarai, domin akwai masu sauya wa tsohuwar mota fitilu da fuska su sayar da ita a matsayin ta baya-bayan nan.

6. Takardu

Mota marar takardu na gaskiya ba taka ba ce, ko ka biya. Ga wadda aka shigo da ita, a nemi takardun kwastan, a tabbatar da su a ofishin hukumar kafin biya. Tun 1 ga Janairu 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa na tudu, saboda haka motar da aka ce ta biyo ta daji an yi mata takardu daga baya, kwastan na iya ƙwace ta a hanya. Ga ta gida kuwa, a ga mai ita ido da ido tare da katin shaidarsa, a rubuta yarjejeniya a gaban shaidu, a biya ta banki domin a sami shaida, sa'an nan a sauya sunan mallaka ba tare da jinkiri ba. Wanda aka kama da motar sata a hannunsa, shi zai fara kwana a ofishin 'yan sanda.

Inshora ta kare wanda aka yi wa ɓarna wajibi ce a doka. Daga 1 ga Janairu 2023 aka mai da kuɗinta naira 15,000 a shekara ga motar gida, maimakon 5,000, tana biyan ɓarnar dukiya har naira miliyan 3, a Fabrairu 2025 kuma 'yan sanda suka tsananta bincikenta. A saya daga kamfani mai rajista, domin takardar bogi ba ta biyan kowa ranar wuya.

7. Mai riƙe da sitiyari

Duk abin da muka lissafa ba zai amfani wanda bai iya tuƙi ba. FRSC, wadda aka kafa a 1988, tana buƙatar sabon direba ya bi ta makarantar koyon tuƙi da aka amince da ita kafin a ba shi lasisi. Iyaye, kada ku taya ɗanku sayen lasisi ta bayan gida. Takardar za ta wuce shingen hanya, amma ba za ta iya shan kwana ba. Iyakar gudun ƙaramar mota ita ce kilomita 50 a sa'a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen hanya. A kuma san cewa in gudu ya ninka biyu, tazarar da birki ke buƙata kafin mota ta tsaya takan ninka huɗu. Shekarar farko, sabon direba ya guji tafiyar dare, ya ajiye waya, kada ya taɓa abin sa maye, yara ƙanana kuma su zauna a baya. Tafiyar gida lokacin Kirsimeti, sa'ad da hanyar Billiri da Kaltungo ke cika, ba wurin koyo ba ne. A nemi gogaggen direba ya zauna kusa da shi.

Tambayoyi domin tattaunawa a gida

1. Me ya sa muke son motar nan yanzu: buƙata ce ko idon mutane?
2. Nawa za ta ci a wata, kashi nawa ke nan na albashi?
3. In injin ya lalace a wata na uku, daga ina kuɗin gyara zai fito?
4. Wane amintaccen bakanike ne zai raka mu, wa kuma zai tabbatar da takardu?
5. In muka jira shekara ɗaya, me za mu rasa, me za mu samu?

Kammalawa

Ƙaunatattu, in an yi lissafi aka ga kuɗi bai kai ga mota mai lafiya ba, jira ba abin kunya ba ne. Wanda ya ƙara shekara guda yana shiga Keke Napep yana tara kuɗi ya fi wanda ya ɗauko akwala, ya kafe ta a ƙofar gida kan duwatsu, bashi kuma yana binsa. Sannu ba ta hana zuwa. Ku iyaye, kun yi shekaru fiye da ashirin kuna renon yaron nan. Kada gaggawar mako guda ta sa ku miƙa shi ga motar da ba ta da birki. Kai kuma ɗanmu, ke kuma 'yarmu, digirinku yana nan ko da mota ko babu. Ku zaɓi wadda za ta kai ku, ta kuma komo da ku gida lafiya. Ubangiji ya kiyaye hanya.